Maƙwabcin Da Ya Cuce Mu



Har yau wasunmu suna gamuwa a kasuwa da wanda ya ƙona musu gida. Ba mu ce babu zafi ba. Amma mu tuna da Fasto James Wuye na Kaduna. A rikicin 1992 aka sare masa hannu, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa. A 1995 suka soma aikin sulhu tare, duk da haka sai da faston ya yi shekaru kafin zuciyarsa ta huce.

Gafara ba ta hana mu kai ƙara gaban hukuma. Ramuwar gayya ce muka bar wa Allah. In mun haɗu da mutumin ranar kasuwa, mu riga shi gaisuwa, ko ya amsa, ko ya kau da kai.