AMSAR WASIƘUNKU: Sarƙar Keken Guragu, A Yanke Ko A Ƙara?

A wannan mako wasiƙu uku muka ware, duk daga cikin garin Sakkwato, kuma duk abu ɗaya suka taɓo, wato sarƙar keke mai ƙafa uku, ko cen kamar yadda masu gyara ke ce mata. Wani zai ce mene ne abin ɓata lokaci a kan sarƙa? To, ga mai keke mai ƙafa biyu, in sarƙa ta zare sai ya sauka ya tura. Shi kuwa wanda keken nan ne ƙafarsa, inda ta zare nan ya tsaya, ko da a tsakiyar titi ne.

Wasiƙa ta farko daga wani bawan Allah ce a Mabera. Ga abin da ya ce: "Malam, goro da alewa nika saidawa bisa kekena na guragu, kullum daga Mabera har Tsohuwar Kasuwa. Wata ukku ke nan sarƙa tana zare mini. Sau biyu anka rage ta, amma ba a mako biyu sai ta sake saki. Ran nan tsakiyar hanya ta faɗi, da ƙyar wani ɗan kabu-kabu ya kauce mini. Yanzu mai gyara ya ce a ƙara yankewa. In yarda, ko mi kaka gani?"

To, malam, Allah Ya kiyaye gaba. Amsa a gajarce ita ce kada ka yarda tukuna. Sarƙar da aka rage sau biyu ta sake saki, tsawo ba shi ne ciwonta ba, cinyewa ta yi. Ka duba ta da kyau, za ka ga gaɓoɓi ne iri biyu a jere, siririya da mai faɗi, an haɗa su da 'yan ƙusoshi. Daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne daidai, wato milimita 12.7, kuma an tsara haƙoran firiwil da na babban farantin hannu a kan wannan awo. Yau da gobe, ƙasa da yashi suna shiga tsakanin ƙusoshin suna goge su, sai kowace gaɓa ta ɗan ƙara tsawo. Daga nan ba ta ƙara zama daidai a kan haƙori, sai ta riƙa hawa kansa tana tsalle. Ko gaɓa goma ka cire, waɗanda suka rage cinyayyu ne.

Yaya za ka tabbatar? Ka ari tef ɗin awo wajen tela. Ka ja sarƙar ta miƙe, ka ɗora farkon tef a tsakiyar wata ƙusa, ka ƙirga ƙusa 24 bayanta. A sabuwar sarƙa, ta ashirin da huɗun za ta faɗo a kan inci 12 cif, wato kusan milimita 305. In ta kai milimita 308, sarƙa ta ƙare aiki, kuma galibi ta ci haƙoran firiwil tare da ita. Ka dubi haƙoran: in sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya kamar ƙaya, ka sake su tare da sarƙar. Sabuwar sarƙa a kan tsohon firiwil asarar kuɗi ce, ba za ta daɗe ba. Na san abin da nauyi ga mai sayar da goro, amma ka haɗa kuɗin gyaran da ka riga ka biya sau biyu da cinikin ranakun da ka rasa, ka gani.

In kuwa ka auna ka ga sarƙa lafiyarta lau, har yanzu ba a zo ga yanka ba. Inda ƙarfen tsakiyar taya ya shiga, a yawancin kekunan nan akwai tsaga mai ɗan tsawo. Wasu kuma a saman ne, wajen farantin hannu, mai walda ya bar wurin matsawa. A kwance noti, a ja taya ta yi nesa da farantin, a ɗaure. Awon da ake so shi ne, in ka danna sarƙa a tsakiya ta motsa kamar rabin inci, misalin faɗin ɗan yatsa. Ka juya hannun a hankali zagaye ɗaya, domin faranti ba ya rasa ɗan karkata, za ka ji wani wuri ta fi ɗaurewa. A wannan wuri ake yin awo. Kada a ɗaure ta tamau kamar tsirkiyar baka: za ta gajiyar da kafaɗarka, ta ci boris, wata rana ta tsinke a kan hawa. Sannan a hango daga sama a tabbatar faranti da firiwil suna kan layi ɗaya. Keken da ya taɓa faɗawa rami yakan karkace, kuma sarƙar da ke tafiya a karkace dole ta zare ko da sabuwa ce fil.

Sai fa in taya ta kai ƙarshen tsaga, sarƙa kuma ba ta daina lilo ba, sannan a rage. A nan ma akwai ƙa'ida. Ba a cire gaɓa ɗaya, sai biyu, siririya da mai faɗi, domin bakin ya haɗu. Inci ɗaya ke nan ya fita, wanda zai jawo taya ciki da rabin inci. In hakan ya yi yawa, akwai rabin gaɓa da ake yi musamman don wannan, a tambayi masu kayan keke. Ga kuma abin da ake yawan sakaci da shi: ɗan makullin da ke riƙe gaɓar haɗi, mai kama da tsagaggen harshe, rufaffen kansa ne zai fuskanci inda sarƙa take tafiya. In aka juya shi, da zarar ya taɓa wani abu sai ya fice. In da guduma da ƙusa aka fitar da ƙusar sarƙa, a tabbatar gaɓar tana lanƙwasawa sumul bayan an mayar, don gaɓa mai tauri ita ma tana sa tsalle.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Runjin Sambo. Ta ce shekara uku da suka wuce aka ba ɗanta keke kyauta yana zuwa makaranta da shi, yanzu ya girma, gwiwarsa na bugun ƙarfe, yana tuƙi a dunƙule, kuma kullum yana kukan baya. An ce mata sai dai sabo.

Hajiya, ba lalle sai sabo ba. Keke ake daidaita wa yaro, ba a tanƙwara yaro don ya shiga keke. Ki kai su wajen mai walda tare, yaron ya zauna ya jingina bayansa sosai, ya kama hannun tuƙi a inda ya fi nisa da shi. Ana so hannunsa ya kusa miƙewa, da ɗan lanƙwasa a gwiwar hannu, ba tare da bayansa ya rabu da majingina ba. In irin keken nan ne da sarƙarsa ke sauka ga tayar gaba, a fara da mayar da kujera baya, wannan bai shafi sarƙa ba sam. Amma in sai an ɗaga farantin hannu, to ga lissafi: kowane inci ɗaya da aka ɗaga, sarƙa na neman ƙarin inci biyu, domin zuwa take yi ta dawo. An ɗaga inci biyu, a ƙara inci huɗu, wato gaɓa takwas. A gama daidaita wurin zama da hannu tukuna, sarƙa ce ta ƙarshe. Kuma kada a yi wa tsohuwar sarƙa ƙari da guntun sabuwa, ko guntun da faɗinsa ya bambanta: ta keke marar giya ta fi ta mai giya faɗi, ba sa haɗuwa. In sarƙar ta shekara uku tana aiki, a saka sabuwa gaba ɗaya.

Ki roƙe shi kuma ya yi wa farantin murfi da ɗan falle. Sarƙar wannan keke a gaban ƙirji take, kusa da yatsu, kusa da hannun riga da bakin hijabi. Tsautsayi ba ya sallama.

Ta uku daga wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ce. Ya ce a kayan gwanjo ya sami wani keke mai ƙafa uku wanda ake tuƙawa a kishingiɗe, feda tana can gaba a kan doguwar sanda. Ya jawo sandar ciki don ƙafarsa ta kai, sai sarƙa ta riƙa jan ƙasa.

Ɗan'uwa, lissafin Hajiya ne naka, sai dai a juye. Sarƙar irin wannan keke doguwa ce, takan kai tsawon ta keke biyu da rabi zuwa uku, tunda daga gaba take tafiya har tayar baya. Ka jawo sanda inci uku, sarƙa ta yi rarar inci shida. Amma kada ka yanke yau. Ka hau na 'yan kwanaki har ka tabbatar diddigenka na kai wa feda da ƙafa a miƙe, ka yi wa sandar alama. Sannan, da yake naka mai giya ne, ka ɗora sarƙa a kan farantin gaba mafi girma da na baya mafi girma, ba tare da ka bi da ita ta cikin ƙarfen canjin giya ba, amma ta bi ta sauran 'yan tayoyin da ke riƙe ta. Inda baki biyu suka haɗu, ka ƙara inci ɗaya. Gara ta ɗan yi tsawo da ta gaza: gajeriya na iya karya ƙarfen giya ranar da ka manta ka shiga babbar giya. Guntun da ka cire ka adana shi, wata rana dogo zai hau.

Ga ku duka, ga magana a kan mai. Ƙurar hunturu da yashin garin nan, in suka haɗu da giris mai kauri ko baƙin mai, sun zama kamar dutsen wasa wuƙa. A wanke sarƙa da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai marar kauri a kowace gaɓa, sannan a goge na waje da tsumma. Na ciki shi ke aiki, na waje ƙura kawai yake kira.

Wannan keke ba abin rainawa ba ne. Tun a shekarar 1655 wani mai gyaran agogo a ƙasar Jamus, Stephan Farffler, wanda ba ya iya tafiya, ya ƙera wa kansa keke mai ƙafa uku da ake juyawa da hannu. A nan gida, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a ranar 25 ga Agusta, 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan-inna, bayan waɗanda aka gani na ƙarshe a Jihar Borno a 2016. Alhamdu lillahi, kuma a ci gaba da kai yara rigakafi. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, 'yan kasuwa da ɗalibai da magidanta. Don haka masu raba kekuna kyauta, Allah Ya saka, sai dai a riƙa auna mutum kafin a ba shi, a kuma waiwaye shi bayan shekara. Ku kuma masu gyara, in irin wannan keke ya zo, a sa tef kafin a sa guduma.

Malam na Mabera, muna jiran wasiƙarka mu ji abin da awo ya nuna. A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.