Wasiƙar Sabon Lauya Zuwa Ga Mai Ofishi

 

Lokacin da Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya ta buɗe ƙofarta a titin Igbosere na Legas a 1963, ɗalibai takwas ne suka zauna a aji, kuma ba na zaton akwai wanda ya kwana yana zulumin inda zai sami aiki a cikinsu. Yau kuwa, da hedkwata ta koma Bwari, aka buɗe rassa a Bagauda da Yola da Inugu da sauransu, dubbai ake yayewa kowace shekara, alhali mafi yawan ofisoshin lauyoyinmu na Kano da Kaduna da Sakkwato ba sa buga sanarwar ɗaukar ma'aikaci a jarida, sai dai in aiki ya yi wa mai ofishi yawa ya waiwayi tarin wasiƙun neman aiki da akawunsa ya ajiye. Wannan tari nake so ku sababbin lauyoyi ku riƙa tunawa da shi.

Mai ofishi yakan dawo daga kotu bayan azahar, ya cire hula, ya kwance farin ƙyallen wuya, fayil-fayil na jiransa, sa'an nan ya ɗauki wasiƙarku. Kuma tun da sana'arsa duka karatun takarda ce da neman inda ta yi rauni, ba zai karanta ta a matsayin roƙo ba, zai karanta ta ne a matsayin hujja a kan yadda za ku rubuta masa jawabin kotu gobe. Wanda ya kuskure harafi a sunan ofishin, ko ya aika imel guda ga ofisoshi da yawa har adireshin kowa yana bayyane ga kowa, ya riga ya ba da shaida a kan kansa tun ba a kira shi ba.

Saboda haka tahƙiƙi ya riga rubutu. Ku je kotu da ƙarfe tara, ku duba jerin ƙararrakin da aka liƙa a ƙofa, ku zauna a baya ku saurari lauyan da kuke nufi yana kawo hujjojinsa. Ku buɗe rahotannin shari'a, irin wanda marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, ku nemo ƙarar da sunansa ya fito a ƙarshenta, ku karanta hukuncin har ƙarshe. Wanda ya yi haka, jumla ɗaya ta ishe shi ya ambaci mas'alar da aka yi jayayya a kanta da abin da ya fahimta, kuma wannan jumla ta fi shafi guda na yabo, domin babban lauya ya sha yabo har ya ƙoshi.

Sa'an nan ku faɗi abin da kuka iya wanda ofishin yake bukata, ba abin da ku kuke bukata ba. Ofishin da ke shari'ar zaɓe, inda kwana 21 kawai ake da su a shigar da ƙara, kotu kuma ta yanke hukunci cikin kwana 180, mai saurin bincike da juriyar kwana a kan takarda yake nema. Ofishin da ke rigingimun filaye yana son wanda ya laƙanci Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. A nan nake mamakin yaranmu: mutum ya yi shekaru a zaure gaban malami, ya karanta Risala, ya leƙa Tuhfatul Hukkam, ya iya lissafin rabon gado, amma sai ya ɓoye wannan duka, wai ba ilmin takardar neman aiki ba ne, alhali lauyan da ke da ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, gaban ƙadi da zai tambaye shi nassi da Larabci, irin wannan mutum yake nema ruwa a jallo.

Ku haɗa da rubutu ɗaya na hannunku, gajere, daga abin da kuka yi lokacin zaman koyon aiki a ofishi ko hidimar ƙasa, bayan kun goge sunayen masu ƙara, gama sirrin wanda ake karewa amana ce, kuma mai ofishi zai lura ko kun kiyaye ta.

Batun kamun ƙafa ba zan ce haramun ne ba. Malaminku da ya san aikinku ya buga waya, wannan shaida ce karɓaɓɓiya, amma takardar wani mai muƙami da bai taɓa ganin rubutunku ba kujera kawai take samar muku, ba a miƙa muku fayil saboda ita. In kun kai wasiƙa da hannu, ku gai da akawu da ladabi, domin shi ke zaɓen wadda za ta hau sama. In mako biyu ya wuce shiru, ku tuntuɓa sau ɗaya, da yamma, bayan an tashi daga kotu.