Sammakon Mai Sabuwar Sana'a: Daga Assalatu Zuwa Tafiyar Yara Makaranta

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Ruma, daga cikin garin Batsari har Wagini, da mutanen Safana, Runka, Zakka da Babban Duhu. Yau hirarmu da mai sabuwar sana'a ce, wanda jarinsa bai gama tsayawa da ƙafarsa ba, ga kuma 'ya'ya a gida. Ina nufin matashin da ya kafa rumfar cajin waya da na'urar POS, da uwargidan da ta ɗauki adashi ta fara awara ko ƙuli-ƙuli, da magidancin da ya ci bashi ya sayi injin markaɗe. Yaya safiyarsu take, kuma wa ke biyan kuɗin wannan sammako?

Sammako dai ba baƙonmu ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhr al-Gamidi, ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa, kuma ya yi arziki. Haka ya zo a littattafan Abu Dawuda da Tirmizi. Yanzu matasa suna turo wa juna labarin Tim Cook na kamfanin Apple, mai tashi tun kafin ƙarfe 5 yana duba saƙonnin masu sayen kayansa. Madalla da shi. Sai dai shi ba ya layin ruwa a bakin famfo, kuma ba ya jiran gari ya waye kafin ya hau hanya.

Mu nan muna jira. Duk wanda ke zaune a gefen dajin Rugu ya san cewa shekarun nan sun sauya ma'anar sammako. Da, falke kan ɗaure kaya ya fita da duhu. Yanzu mai hankali ba ya hawa hanyar Batsari zuwa Jibiya, ko ta wani ƙauye zuwa Safana, sai haske ya bayyana, an ji labarin hanya daga bakin direbobi, an ga motoci sun fara wucewa. Ke nan tsakanin kiran assalatu, wajen ƙarfe 5 ko 5 da rabi gwargwadon lokacin shekara, zuwa ƙarfe 7 da rabi da yara ke fita makaranta, akwai awa biyu da ɗoriya da mutum yake cikin gidansa. Babu mai saye a gabansa, babu mai bin bashi a ƙofa. A duk yini, wannan ne kaɗai lokacin da yake nasa.

To me ya kamata ya shiga cikinsa? Ni a ganina, bayan salla da azkar, littafi ne na farko. Ba waya ba. Malam, idan ka buɗe WhatsApp da Facebook kafin ka buɗe littafin ciniki, ka ba wa mutanen duniya safiyarka kyauta. Ka zauna da biro na minti 15 kawai. Nawa ya shigo jiya? Nawa ne uwar kuɗi, nawa ne riba? Wa ya karɓi bashi, wa ya biya? Mai POS ya ƙirga tsabar da ke hannunsa, ya gwada da abin da ke asusu, domin transfa ɗaya da ba ta shiga ba tana iya cinye ribar kwana uku. Da dare ba a yin wannan lissafi da kyau, jiki ya mutu, ido na rufewa. Da rana kuwa hayaniya ba ta bari.

Na ce littafi na takarda, kuma da dalili. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Batsari da Safana suna ciki. Wanda ya ajiye duk harkarsa a kan intanet ya ji a jikinsa. A farkon 2023 kuma aka shiga ƙarancin takardun naira, ciniki ya koma bashi da transfa mai maƙalewa. Wanda ke rubutawa kullum ya san wa yake bi. Wanda ya dogara da ƙwaƙwalwa, sai rantsuwa da ɓacin zumunci.

Yanzu bari in juyo gare ku, iyayena mata, domin taku safiyar ta fi nauyi. Mai awara tun daren jiya ta jiƙa waken suya. Da asuba a kai markaɗe, a tace, a ɗora a wuta, a zuba ruwan tsami ya kama, a matse, a yanka, sannan a fara suya. A cikin wannan tsakanin ne za a dama koko, a yi wa ƙanana wanka, a nemo takalmin da ya ɓata ƙafa ɗaya. Hannu biyu ne. Aikin kuwa na hannu huɗu ne. To daga ina sauran biyun suke fitowa?

Mun san amsar, ko da ba ma son faɗa. Daga babbar 'yar gidan suke fitowa. Ita ake tayarwa da duhu ta kai markaɗe, ita ke goya ƙaninta, ita ke ɗaukar faranti ta zaga da talla. Kafin ta dawo ta sa kayan makaranta an gama darasin farko, wani lokaci har na biyu. Ta zauna a aji tana gyangyaɗi, malami ya ce ba ta da ƙoƙari. Likitocin barci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, babba kuma aƙalla awa 7. Yarinyar da ta kwanta ƙarfe 10 aka tashe ta ƙarfe 4 da rabi ba ta samu ba. Idan aka ce sana'ar gidan tana riba, a tambaya ko an sa karatun yarinyar nan cikin lissafin abin da aka kashe. Ba na cewa kada yaro ya taya iyayensa aiki, a haka duk muka koyi sana'a. Amma a sa iyaka: ƙarfe 7 ya yi, a sauke faranti, a ɗauki jaka. Sauran awarar a ajiye ta a ƙofar gida, ko a yi yarjejeniya da mai shayi ko mai kanti ya riƙa karɓa a kan sari.

Kai kuma maigida, a nan aikinka yake. Ka dawo daga masallaci, maimakon ka koma ka miƙe ko ka tsaya hira a dakali, ɗauki bokitin markaɗen ka kai da kanka. Biya wa yaro allonsa. Ɗora ƙananan a babur ka sauke su a makaranta a hanyarka ta zuwa rumfa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, babu mai son kunna babur sau biyu a kan hanya ɗaya, to a haɗa tafiyar. Riba ta biyu kuma, a wannan 'yar tafiyar ce za ka ji abin da ke damun ɗanka, wanda da dare ba za ka ji ba, ka dawo ya yi barci.

Hausawa suka ce kana sammako, wani a tafe ya kwana. Wanda ke shirin cin kasuwar Batsari ranar Alhamis, tun daren Laraba ya kamata ya ɗaure kayansa, ya nemi canji, ya yi cajin na'ura a gidan mai sola, ya yi magana da direba. A jawo ruwa da yamma, a wanke kayan makaranta a shanya. Sannan a kwanta da wuri. Hirar majalisa har ƙarfe 12 da tashin asuba ba sa zama a jiki ɗaya na tsawon lokaci. Ko dai ciwon kai ya biyo baya, ko kuskuren canji, ko faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Idan rana ta take ciniki ya lafa, a rufe rumfa a ɗan yi ƙailula, ko ta minti 20 ce.

Lokacinmu ya cika. A shiri na gaba za mu tattauna yadda ake raba kuɗin cefane da kuɗin jari. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a nema. Mu wuni lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)