Gwanin Da Ya Zauna Ya Koya

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:24-28

Waɗanda ke kwance a asibiti, da waɗanda ke kan hanya, da waɗanda suka taru a tsakar gida gindin rediyo, Allah ya ba mu kunnen ji baki ɗaya.

Yau za mu yi tunani a kan mutum uku da suka sadu a birnin Afisa, a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu. Na fari mai wa'azi ne, sunansa Afolos. Sauran biyun kuwa miji da mata ne, Akila da Bilkisu, wadda waɗansu juyi na Littafi Mai Tsarki ke kira Biriskila. In akwai Littafi kusa da ku, ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 18, ku riƙe wurin.

Bari mu fara da Afolos. Bayahude ne, haifaffen Iskandariya ta ƙasar Masar. A zamanin nan, in aka ɗauke Roma, ba birnin da ya kai Iskandariya girma a dukan daular. Gari ne na malamai, sunan babban ɗakin karatunsa ya kai ko'ina. A can ne Yahudawa suka soma juya Attaura daga Ibrananci zuwa Helenanci, wajen shekara 250 kafin haihuwar Almasihu. To, daga irin wannan gari Afolos ya fito. Luka, wanda ya rubuta labarin, ya shaida masa abu huɗu: ya iya magana, ya san Littattafai ƙwarai, yana da himma, abin da yake koyarwa game da Yesu kuma daidai ne. Da a ce yau ne ya zo garinmu, da kowace ikkilisiya ta aika masa da takardar gayyata.

Amma akwai abin da ya rage masa. Iyakar saninsa a kan baftisma ita ce baftismar Yahaya, wato ta tuba, wadda ta share hanya domin Mai zuwa. Kada mu ɗauka wannan ƙaramin giɓi ne. A sura ta 19 Bulus ya tarar da mutum wajen goma sha biyu a Afisa ɗin nan, su ma baftismar Yahaya kaɗai aka yi musu, ko labarin Ruhu Mai Tsarki ba su ji ba. Mai baki irin na Afolos, in ya ci gaba da wa'azi da rabin sani, mutane da yawa za su bi shi, su tsaya inda ya tsaya. Gwani in ya yi kuskure, ba shi kaɗai yake faɗuwa ba.

Su wane ne kuwa Akila da Bilkisu? Masu sana'ar hannu ne, ɗinkin alfarwa suke yi. 'Yan gudun hijira ne kuma. Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu, su kuwa suka kwashe kayansu suka sauka a Koranti ta ƙasar Girka. Can Bulus ya same su, ya zauna a gidansu da yake sana'arsu ɗaya. Shekara ɗaya da rabi ya yi a Koranti yana koyar da Maganar Allah. Da ya tashi suka tafi tare har Afisa, ya bar su can. Ku duba fa, makarantarsu ita ce rumfar ɗinki, allura a hannu, kunne wajen manzo.

Ran nan suna zaune a majami'a, sai ga baƙon malami ya miƙe yana magana gabagaɗi. Suka saurara, suka ji daɗi, suka kuma gane inda ya gaza. Me suka yi? Ba su katse shi a gaban jama'a ba. Ba su koma gida suna yi da shi ba. Suka jawo shi gefe, su biyu, suka ƙara bayyana masa hanyar Allah sosai. Shi kuma ya zauna ya ji.

'Yan'uwa, a nan ne muke so mu dakata. Mutumin Iskandariya, masanin Littattafai, wanda jama'a suka gama sha'awar maganarsa, ga shi zaune gaban maɗinki da matar maɗinki yana karɓar gyara. Luka bai ɓoye matar a bayan mijinta ba. Sau 6 aka ambaci ma'auratan nan a Sabon Alkawari, kullum tare. A mafi tsufan rubuce-rubucen Helenanci, sau 4 sunan matar ne ke gaba, har da wannan wuri na gyaran Afolos. A zamanin da aka saba fara kiran sunan miji, wannan ya nuna irin matsayin da take da shi a idon masu bi na fari. Afolos yana da hanyar kuɓuta da yawa in ya so. Yana iya tambayarsu inda suka yi karatu. Yana iya ce wa Akila ya tsawata wa matarsa. Bai yi ko ɗaya ba.

Me ya sa ya iya? Amsar tana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 4 aya 7, inda manzo ya tuna mana cewa duk abin da ke hannunmu karɓa muka yi, mai karɓa kuwa ba shi da dalilin yin fahariya. Ai sunan abin ma ya isa wa'azi. Da Hausa muna ce da shi baiwa, wato abin da aka ba mutum. Wanda ya san muryarsa, da ƙwaƙwalwarsa, da iya bakinsa kyauta ce daga Allah, ba zai yi mamaki ba in ya ga Mai kyautar nan ya ba wani abin da shi bai samu ba. Ba zai kuma tsara wa Allah hannun da zai aiko da saƙo ta cikinsa ba. Amma wanda ya ɗauka shi ya yi kansa, kowane gyara zagi ne a wurinsa, balle a ce daga bakin mace ya fito. Shi ya sa muka haɗa abu biyun nan a yau. Yadda namiji yake ɗaukar maganar mace, ma'auni ne mai kyau na tawali'unsa. Rusuna wa babba ba wuya, kowa yana yi, don akwai abin da yake tsoro ko yake nema. Sauraron wadda al'ada ta ce ba dole ne ka saurare ta ba, nan ake gane zuciya.

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne a wurin Allah. A 2 Sarakuna sura 22, da aka tsinci Littafin Shari'a a Haikali, sarki Yosiya ya aiki Hilkiya babban firist da Shafan magatakarda da waɗansu manya su nemi nufin Ubangiji. Wurin wa suka je? Wurin annabiya Hulda. Babban firist da kansa ya tsaya ya ji maganar Ubangiji daga bakinta, ya kai wa sarki. A sura 5 ta littafin nan kuma, Na'aman shugaban sojojin Suriya ya warke daga kuturta don an ji shawarar wata ƙaramar yarinya, baiwar matarsa, wadda aka kamo daga Isra'ila. Da ya ce maganar yarinya ce, da ya mutu da cutarsa. A safiyar tashin Ubangiji daga matattu, mata ne suka fara kawo labari, Luka kuma bai rufa wa manzanni asiri ba: a sura 24 ya nuna sun ɗauki maganar matan kamar tatsuniya, suka ƙi gaskatawa. Labari mafi girma a duniya ya zo, saura kaɗan raini ya hana su ji.

Ko a ƙasarmu haka ne. Masu bi na wajen Takum sun san sunan Johanna Veenstra, 'yar Amurka wadda ta yi aikin bishara a Lupwe har ta rasu a Vom a shekara ta 1933. Maza da yawa da suka zama shugabannin ikkilisiya a yankin nan, a wurinta suka fara koyo. In kuwa muka zo kusa, wa ya fara koya wa yawancinmu addu'a? Wa ya goya mu zuwa sujada? Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Mu dubi Zumuntar Mata a ikkilisiyoyinmu. Su ne a gidan makoki, su ne a asibiti, su ne ke dafa wa baƙi ran taro, su ne ke fita bishara ƙauye da waƙa. Sau da yawa kujerun mata sun cika tun kafin na maza su yi rabi.

Duk da haka, me kunnuwanmu ke ji? Mace ta kawo shawara a gida, sai a ce maganar mata ce. Namiji ya yi wauta, sai a ce ya yi tunanin mata. Miji ya sayar da hatsin da suka noma tare, matar ba ta sani ba sai ta ga rumbu wayam. Kuɗin makaranta ya gaza, ba a tambayi wanda ya fi ƙoƙari cikin yara ba, 'ya mace ce za ta zauna a gida. Miji ya rasu, tun ba a share makoki ba dangi sun zo kwasar kaya, gwauruwa da marayu suna kallo. Har akwai mai jagorar waƙa ran Lahadi da hannun da ya mari matarsa ran Asabar. Jama'a, wannan ba halin masu bin Yesu ba ne. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 3 aya 7, ya umarci maza su girmama matansu a matsayin abokan gādon rai, ya kuma yi kashedi cewa rashin yin haka yana tare addu'a. Ashe mutum yana iya yin azumi, ya kwana a ɗakin sujada, addu'arsa ba ta wuce rufin ɗaki ba, saboda hawayen da ya bari a gida.

Wani zai ce, to, ba Bulus ne ya yi maganar mata su yi shiru a cikin taro ba? Gaskiya ne, akwai ayoyin nan a 1 Korantiyawa 14 da 1 Timoti 2, ikkilisiyoyinmu kuma ba su zama ɗaya ba a kan yadda za a bi su wajen naɗin shugabanni. Ba wannan muka zo yankewa a shirin yau ba. Amma ko wane gefe mutum ya tsaya, ba ayar da ta ba shi izinin raini. Bulus ɗin nan, a Romawa 16, ya kira Bilkisu abokiyar aikinsa, ya shaida cewa ita da mijinta sun sa ransu cikin hatsari dominsa, ya ce ikkilisiyoyin al'ummai duka suna gode musu. A surar nan kuma ya yabi Fibi, ma'aikaciyar ikkilisiyar Kankiriya, ya roƙi masu bi na Roma su karɓe ta da daraja. Wanda zai kafa hujja da Bulus, sai ya ɗauki halin Bulus duka.

Ku kuma iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, akwai rabonku a labarin. Bilkisu ta fi Afolos sanin abin nan, amma ba ta mai da saninta sanda ba. Ta nemi gyaran mutumin, ta kuma kiyaye mutuncinsa. Girman kai rawanin tsiya ne a kan kowa, namiji ko mace. Sai dai kuma kada ku binne abin da Allah ya ba ku da sunan kunya. Da Bilkisu ta ce ita wace ce da za ta yi wa malami magana, da Afolos ya tafi da giɓinsa.

Ku ga ƙarshen abin. Da Afolos ya so ƙetarewa zuwa Akaya, 'yan'uwa na Afisa suka rubuta masa takardar shaida. Da ya isa ya zama babban taimako ga masu bi, yana tabbatarwa daga Littattafai a gaban jama'a cewa Yesu shi ne Almasihu. Zaman da ya yi gaban Bilkisu da Akila bai rage shi da kome ba, ƙaruwa ya yi. Daga baya, da mutanen Koranti suka rarrabu, waɗansu suna cewa su na Bulus ne, waɗansu na Afolos, Bulus ya kwatanta kansa da mai shuka, Afolos da mai ban ruwa, ya mai da yabon girman shukar ga Allah kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gonar ta Allah ce, mu duka 'yan ƙodago ne a ciki.

Saboda haka ga abin da muke roƙo kowa ya yi a makon nan. Maigida, kafin ka yanke shawarar kuɗi ko ta yara, ka zauna da matarka ka tambaye ta, ka kuma bari ta gama magana. Dattawan ikkilisiya, in za a tsara aikin shekara, ku kira shugabannin mata tun ana shawara, kada sai an zo maganar girki. Saurayi mai baiwar waƙa ko wa'azi, ka nemi wata tsohuwa mai tsoron Allah a ikkilisiyarku, ka tambaye ta abin da ta gani a hidimarka. Matambayi ba ya ɓata. Wanda kuma ya san ya ci mutuncin matarsa, ko 'yarsa, ko gwauruwar ɗan'uwansa, kada ya jira Lahadi. Ya je ya nemi gafara, ya mayar da abin da ya ƙwace.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin kowace baiwa da ka ba mu. Ka tsare mu daga fahariya da abin da ba mu muka yi ba. Ka ba mu zuciya irin ta bawanka Afolos, mai karɓar gyara, da hikima irin ta Bilkisu da Akila, masu gyara cikin ƙauna. Ka ta'azantar da matan da ke kuka a ɓoye, ka tsaya wa gwauraye da marayu. Ka sa gidajenmu su zama wurin da ake girmama juna, domin sunanka ya sami ɗaukaka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Sai Allah ya sake haɗa mu a shiri na gaba. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.