Georges Brassens: Mawaƙin da Ya Ƙi Barin Lungu

 

A birnin Paris akwai wani lungu da ake kira Florimont. A gida mai lamba 9 a lungun nan Georges Brassens ya zauna daga 1944 har 1966. Lokacin da ya shiga gidan babu wutar lantarki, babu ruwan famfo a ciki, a tsakar gida ake wanka ko da hunturu ne. Kuɗi suka zo, suna ya zo, amma ya ci gaba da kwana a wurin shekara 22. Wannan zaman nasa nake so mu duba yau.

An haife shi a 1921 a Sète, garin masunta a kudancin Faransa. Uban magini ne wanda ba ruwansa da coci, uwar kuwa asalinta Italiya, 'yar Katolika ta gani-kashe-ni. Yana saurayi aka kama shi da abokansa kan sata, abin kunya a ƙaramin gari. Uban ya je caji ofis ya karɓo shi, bai ɗaga masa murya ba. A 1940 ya tattara ya koma Paris wajen 'yar'uwar uwarsa. A 1943 Jamusawa suka kai shi aikin tilas a Basdorf kusa da Berlin, a masana'antar injin jirgin sama. Da aka ba shi ɗan hutu a 1944, sai ya ƙi komawa.

Wanda ya gudu daga aikin tilas a lokacin, ɓoye shi ganganci ne da rai. Jeanne da Marcel Planche, talakawa ne tilis, su suka karɓe shi a gidansu na Florimont, suka ci da shi, ga karnuka da kuliyoyi cike da gidan. Da asuba yake tashi ya zauna da littattafai, yana nazarin tsoffin marubuta waƙa irin su François Villon da Victor Hugo, yana koyon awon baiti da kansa. Shi ya sa masu jin Faransanci ke cewa waƙarsa kamar hira take, amma in ka ƙirga gaɓoɓinta ba ka samun tuntuɓe.

Mu a nan mun saba mawaƙi yana da ubangida, sarki ko attajiri. Brassens bai taɓa wasa mai mulki ba. A 1954 ya fitar da "Chanson pour l'Auvergnat", inda yake gode wa mutum uku: wanda ya ba shi itacen jin ɗumi, wadda ta ba shi burodi, da baƙon da ya yi masa murmushi ranar da jandarmomi suka kama shi. Jama'a da dama na ganin mutanen Florimont yake nufi. A ganina, ko ba su ba ne da suna, daga gidansu ya koyi abin.

Fitowarsa ta zo a makare. Yana da shekara 30, a 1952, mawaƙiya Patachou ta saurare shi a gidan rawarta na Montmartre. Waƙoƙi ya kai mata ta rera, ita kuma ta tura shi dandamali, yana gumi don kunya. Daga nan ba a ganinsa sai da jita, da gashin baki, da Pierre Nicolas a bayansa riƙe da babbar goge.

Bakinsa fa akwai kaifi. A waƙarsa "Le Gorille", goggon biri ya ɓalle daga keji ya cafke alƙali, ya yi masa abin da ba zan faɗa a gaban manya ba. Alƙalin ya riƙa kuka irin na mutumin da ya sa aka fille wa kai. Hukuncin kisa Brassens yake zagi, rediyo kuwa ta hana saka waƙar. Wannan mutumin ne dai Académie française ta ba babbar kyautarta ta waƙa a 1967.

Ranar 9 ga Oktoba 1981 Faransa ta soke hukuncin kisa. Kwana 20 bayan haka ciwon daji ya kashe Brassens, yana da shekara 60. Ya taɓa roƙo a waƙa a binne shi a bakin tekun Sète. An dai mayar da shi garinsu, aka sa shi a maƙabartar Py, wadda mutanen garin ke ɗauka ta talakawa ce.