Makaɗi a Ƙasar Turai: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne



Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, da ku samarinmu da kuka cika bayan rumfa, muna yi wa kowa barka da zuwa. Muna kuma gode wa shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama, ko da yake mu ba malamai ba ne, 'yan kasuwa ne. Abin da muka sani shi ne hanya, da lissafin uwar kuɗi da riba, kuma a kansu za mu yi magana.

Dalilin wannan jawabi, wasunku sun san shi. A daminar bara wata uwa ta same mu a rumfarmu tana hawaye. Ɗanta, yaro mai hankali wanda Allah Ya ba murya da hannun gurmi, ya tasa ta gaba sai an sayar da gonar da mahaifinsa ya bari. Wai wani mutum da suka haɗu a WhatsApp ya yi alkawarin kai shi bikin kiɗa a Turai, amma sai an tura kuɗin takardu. Dattawa suka shiga maganar, gona ta tsira, amma ɗan abin da yaron ya riga ya tura ya tafi ke nan, mutumin ma ya kashe waya. To, shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu duba: shin wannan yawon kiɗa na ƙasashen waje, yaya yake a zahiri?

Da farko dai, abin gaskiya ne, akwai shi. Turawa suna da lokacin da suke kira bazara, wato watannin Yuni, Yuli da Agusta, lokacin da sanyi yake sakinsu. A nan ne suke fita fili su kafa tantuna su yi bukukuwan kiɗa na kwana uku ko huɗu ko biyar. A Ingila akwai na Glastonbury, wanda ake yi a gonar kiwon shanu a ƙarshen Yuni, mutum wajen 200,000 suke taruwa. Akwai WOMAD, wanda aka fara a 1982, shi kuwa musamman don makaɗan sassan duniya aka kafa shi. Ku lura da lokacin: daidai da daminarmu ne, sa'ad da masara take neman noma a nan Kona. Wanda ya tafi, wani ne zai riƙe masa fartanya.

Kuma namu sun je. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ɗan zaman baƙunci ne kamar 'ya'yanmu. Maraya ne, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga ƙasashe da dama kafin ya rasu a 2015. Marigayi Malam Maman Barka na Nijar, malamin makaranta ne mai kiɗan gurmi. A 2002 ya tafi bakin Tafkin Chadi ya zauna wurin wani dattijo, Bukar Tar, ya koyi biram, kiɗan masuntan Buduma da ya kusa ɓacewa. Wannan biram shi ya kai shi Turai, har wani kamfanin Landan ya fitar da faifansa a 2009. Ya rasu a 2018. Kun ga ashe abin gida aka je nema wurinsu, abin da Bature ba shi da shi. Babu wanda ya sayar da gona.

Yanzu bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Idan muka loda doya daga Zing za mu kai Kano, mai kallo yana ganin kuɗin da aka ƙirga mana a can, ya ce Alhaji ya yi arziki. Bai ga kuɗin mota ba, da na lebura, da na dillali, da na shingayen hanya, da doyar da ta ruɓe. Haka makaɗi yake. Kuɗin da bikin zai biya, a ciki ne dillalin da ya samo wasan zai ɗauki la'adarsa. A ciki za a fitar da kuɗin jirgi na kowane ɗan ƙungiya, da na biza, da hayar motar da za ta riƙa yawo da su, da masauki a ranakun da babu wasa. Sannan ga haraji. A Amurka doka ta ce a cire kashi 30 cikin 100 na kuɗin baƙon makaɗi tun bai shiga hannunsa ba, sai in an yi yarjejeniya da hukumar haraji tun da wuri. A Ingila kashi 20 ne, idan kuɗin ya wuce wani mizani. Abin da ya saura shi za a raba tsakanin mutum biyar ko shida. Wasa ɗaya ya rushe, riba ta tafi.

A can kuma babu liƙi. Mu mun saba, Shata ko Ɗanƙwairo in suka wasa mutum, nan take zai tuɓe riga ya bayar, wani ya ba da doki, wani mota. Bature ya biya kuɗinsa a ƙofa, tafi kawai zai yi maka. Ba ya jin Hausa, saboda haka habaici da zambo da kirari, waɗanda su ne gishirin waƙarmu, duk sun wuce shi. Minti 45 ko awa ɗaya za a ba ka, lokaci na cika a ɗaga maka hannu ka sauka, ko da yanzu ne kiɗan ya fara zaƙi.

Sai maganar biza. Wasiƙar gayyata ba ita ce izinin shiga ƙasa ba. Mutum zai bar Jalingo ya wuni a mota zuwa Abuja, a ɗauki hoton yatsunsa, ya biya kuɗin da ba a mayarwa, sannan ya zauna jira. Bizar Ingila daban, ta Faransa da Jamus da maƙwabtansu daban, ta Amurka daban. A Yamai akwai wata ƙungiya mai suna Tal National, wadda wani alƙali ya kafa, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Sanannu ne, sun sha zuwa Turai da Amurka. Duk da haka a 2018, da WOMAD ta gayyace su, wasu daga cikinsu ba su sami bizar Ingila ba. To, in waɗannan sun sha wuya, ina ga yaron da ko sau ɗaya bai taɓa wasa a wajen Taraba ba?

Ita kanta rayuwar hanyar, ba hutu ba ce. Yau kana wannan gari, gobe kana wata ƙasa, barci a mota, ka ga sunan birni a allo amma ba ka ga birnin ba. Bazarar tasu ma, in ruwa ya sauko da dare, sanyin sai ka ce kana Gembu a kan Mambila. Laima tana sa fatar kalangu ta saki, sai an gasa ta kafin ta yi magana. Abinci sai ka yi ta tambaya, don naman alade da giya a ko'ina suke a filin biki. Magariba ba ta yi sai bayan ƙarfe 9 na dare. A 2015, da watan azumi ya faɗo a Yuni da Yuli, mai azumi a Landan yana yin sama da awa 18 bai sha ruwa ba. Wanda bai tafi da tarbiyya daga gida ba, can ba zai same ta a kasuwa ba.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne gida. Akwai wani mai jita, Buzu daga jihar Tawa a Nijar, ana ce masa Mdou Moctar. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke, faifansa na farko kuma a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008. Allah Ya ɗaukaka shi har ya zama yana cika fili a Amurka. Ran 26 ga Yuli, 2023, suna can cikin yawon wasa, soja suka kifar da gwamnatin Bazoum, aka rufe iyakoki. Shi da abokan kiɗansa biyu suka maƙale a Amurka, iyalansu suna Nijar, har sai da masoyansu suka yi musu karo-karo ta intanet don su sami abin zama. Mu da iyayenmu suka baro Kano da Katsina da Sakkwato da Haɗeja suka zauna a ƙasar Muri, mun san wannan ciwo. Mun san yadda ake jin rasuwa a gida, kana nesa, sai dai ka yi addu'a.

Ba muna cewa kiɗa ba sana'a ba ce, kuma hukuncinsa mun bar wa malamai, su suka san wannan fage. Shawararmu guda huɗu ce. Ta ɗaya, bikin gaskiya shi yake biyan makaɗi. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi a gayyace ka, cinikin biri a sama yake so ku yi. Ta biyu, kowace takarda aka aiko wa yaro, a kawo ta ofishin ƙungiya, muna da 'yan boko da za su karanta ta kafin a sa hannu. Ta uku, kada a sayar da gona ko gida ko jari saboda tafiya. Filin da muke da shi a nan, da zaman lafiya da mutanen Kona da suka karɓi iyayenmu aka same shi, in ya fita hannu ba ya dawowa. Ta huɗu, ku samari, wanda yake da baiwa ya fara cin kasuwar gida. A san ka a Jalingo, a san ka a Yola da Gombe da Kano, ka riƙe wata sana'a a gefe kamar yadda Malam Maman Barka ya riƙe alli. In kayanka na da kyau, mai saye zai biyo ka har rumfa.

Mu kuma iyaye, kada mu kori yaro don ya ɗauki gurmi. Korar ce take tura shi hannun macuta. Mu jawo shi, mu ji abin da yake rerawa, mu gyara masa inda ya karkace. Yaron da muka ba ku labarinsa yana nan cikinmu yau, ya nome gonarsa, kuma mun ji an ce da shi za a rufe taro.

Abin da muka faɗa daidai, Allah Ya amfane mu da shi. Inda muka yi kuskure, a yafe mana. Allah Ya kiyaye matafiyanmu, Ya dawo da su gida lafiya, Ya zaunar da Jihar Taraba da Nijeriya lafiya.