Ginin Ƙasa da Zafin Bazara a Ƙasar Adar



Duk wanda ya bi hanya daga Madawa zuwa Buza, ya zarce Keita a tsakiyar bazara, lokacin da ma'aunin zafi yakan haura 40, zai ga rufin kwano yana ƙyalli a garuruwan da a da soraye ne kawai, kuma in ya tambayi masu gidajen inda suke kwana, za su nuna masa tsakar gida. Illar a bayyane take. Kwano yana ɗaukar zafin rana nan take ya zuba shi a kan mutane, alhali katangar tubali mai kauri, wadda aka yaɓe ta da kyau aka ɗora mata rufin ƙasa, shanye zafin take yi sannu a hankali, ba ta sako shi sai dare ya yi nisa, iska ta sanyaya. Mai ɗakin kwano ya jingina hutawarsa ga fanka, fanka kuwa ga lantarki, kuma ba mu manta da Agustan 2023 ba, sa'ad da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya.

Amma ba adalci ba ne a tuhumi talaka da jahilci. Azara ce ta gagara. Giginya ta yi ƙaranci, farin 1973 da na 1984 sun cinye itatuwa, har ya zama wanda zai rufa soro sai ya sayar da abin da ya noma. Sa'an nan ginin ƙasa yana da haƙƙi a kan mai shi, wato yaɓe kafin damina da gyaran indararo, matasan da za su yi aikin kuwa suna ci-rani a Abijan ko Libiya.

To, maganin nan yana kusa da mu. A Yama, cikin jihar nan tamu ta Tawa, Alhaji Falke Barmu ya soma gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, jama'ar gari suna kawo ruwa da tubali fi sabilillahi, daga baya ya sake rufinsa da bakan gizo da tulluwa, ya ƙara hasumiyoyi huɗu, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Manomi ne magini, iliminsa a hannu yake, kuma masana na duniya suka zo suka sallama masa. A Dandaji kuma, a 2018, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse a inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Haka nan tun 1980 ake koya wa maginan Nijar rufin tulluwa da tubali zalla, ba azara ko ɗaya, hikimar da aka ɗauko daga mutanen Nuba na bakin kogin Nilu. Ni a ganina wannan ita ce fasahar da ta fi cancanta da Adar, domin ta kawar da ainihin abin da ya kori mutane zuwa ga kwano.

Sai dai ruwa ba ya sassauta wa ginin da aka yi da sakaci. Daminar 2024 ta rushe gidaje masu yawa, har da tsohon masallacin Damagaram. Saboda haka wajibi ne a nisanci bakin korama, a ɗaga harsashi da dutse, wanda Allah Ya wadata Buza da Keita da shi, a tsawaita indararo, a kuma ƙarfafa yaɓen bangon gabas, inda hadari yake bugowa. In za a sa sumuntin Malbaza, a sa shi a harsashi. Inuwa ma sashe ne na gini, kuma layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975, da aikin raya ƙasa na Keita da ya soma a 1984, sun isa shaida cewa itace yana kamawa a ƙasar nan in an tsare shi.

Roƙona ga magadan gari shi ne, ajin makaranta ko ɗakin shan magani na gaba da za a gina, a ba maginan tulluwa aikinsa, a haɗa su da samari masu koyo, a kuma sanya kuɗin yaɓen kowace shekara cikin kasafi tun daga farko.